Harsashin da Sha'ibu Bai Gwada Ba

Akwai wani maƙeri a Malanville, bayan kasuwar albasa, ana ce mishi Sha'ibu. Hannu gare shi, wannan ko maƙiyinshi ba ya musu. Maharba daga Toumboutou har Madécali shi suke kawo ma bindigoginsu, ya gyara, ya sake cika musu kwanson harsashin da sunka harba. Cutarshi guda ce: bakinshi bai iya cewa "ban sani ba".

Wata rana wan matarshi, Taufiq, mai fataucin shanu, ya shigo rumfar da ƙunshi a aljihu. Sau biyu 'yan fashi suna tare shi a hanyar Guéné, shi ya sa ya sayi ƙaramar bindiga a ɓoye. Harsashinta ya ƙare wurin koyon harbi, saura kwanso. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya samo mishi kawunan harsashi daga kudu, darma ce anka lulluɓe da jan ƙarfe, sai sheƙi suke.

Taufiq ya ce, "Sha'ibu, ka iya wanga aiki, ko in kai shi Gaya?"

Gaya! Wai a tsallake gada da aiki zuwa garin ƙetare alhali yana raye? Wallahi Sha'ibu bai taɓa cika irin wannan harsashi ba, bai san albarushin da bindigar take ci ba, balle awonshi. Amma sai ya yi dariya.

"Haba Yaya, ni da ke gyaran manya, wagga 'yar tsito ta gagare ni? Bar bindigar nan, ka komo jibi."

Baba Issufu, tsohon da ya koya mishi sana'a, yana zaune a bakin rumfa yana jinsu. Da Taufiq ya fita ya ce, "Ɗana, wagga ba irin tamu ba ce. Ka ce ba ka sani ba, ba a yanka ka. In ko ka nace, ka tahi bakin gulbi ka ɗaure ta ga icce, ka ja kunamar da igiya daga nesa. Hakanan munka gada: ba a ba mutum abin da ba a gwada ba."

"Baba, zamaninku daban, namu daban."

Tsoho ya girgiza kai, ya ci gaba da jan tasbaharshi.

Sha'ibu ya cika guda shida da albarushin maharba, awo da ido kawai. Ya goge su har mutum na ganin fuskarshi a jiki. Da la'asar kuwa ya tafi bakin gulbi, da igiyarshi a aljihu. Sai ya iske masunta na gyaran taru, duk sun san shi. Ya tsaya yana saƙa: in bindigar ta fashe a gabansu fa? Kafin magariba duk gari ya ji. Ya gaishe su, ya juyo abinshi.

Da Taufiq ya dawo, tambaya guda ya yi: "Ka gwada?"

"Ukku na harba, na sake cika su, lahiya lau."

Tun daga ranar da Taufiq ya tafi da bindiga da harsashin, tsoro ya shiga Sha'ibu. Kullum sai ya ce gobe zan karɓo su. Goben ba ta zo ba, don karɓowa na nufin faɗin gaskiya.

Ana haka matarshi Rauda ta haihu. Ran suna da safe gida ya cika maƙil, maharba sun zo, Baba Issufu na kan tabarma. Liman ya raɗa suna, mata sunka ɗauki guɗa. Taufiq, kawun jariri, murna ta ɗebe shi. Ya zaro bindigar daga ƙarƙashin riga, ya ɗaga sama zai yi harbin farin ciki.

Taku uku ne tsakaninsu. Sha'ibu ya gani sarai. "Kar ka harba" kawai zai ce, magana ta ƙare. Ya buɗe baki, sai idonshi ya faɗa kan maharba, ya faɗa kan Baba Issufu.

Kaico, ya rufe bakin.

Ƙarar ba ta harbi ba ce. Bindigar ta tarwatse a hannun Taufiq, jini ya fantsama har kan tabarmar liman. Guɗa ta koma salati. Rauda ta fito daga ɗaki ba ɗankwali tana kiran "Yaya! Yaya!"

A likita anka yanke mishi hannun dama daga wuyan hannu. Jandarma sunka zo da tambayoyi. Taufiq ya ce bindiga tashi ce, harsashi kuma wurin wani baƙo ya saya. Shi kaɗai ya sha kaso wata takwas, fatauci ya mutu.

Ran da anka sake shi Rauda ta yi tuwon shinkafa. Anka aje kwano guda tsakanin mazan biyu. Taufiq ya tsoma hannun hagu a ruwa, ya wanke shi da ƙyar, ya yi bisimilla.

Sha'ibu ya kasa ci. Hawaye sunka zubo mishi.

"Yaya, ban gwada ba. Ƙarya niy yi ma."

Taufiq bai ɗago ba. "Na sani. Sa'ad da niɗ ɗaga hannu na ga huskarka. Na ga ka buɗe baki, na ga ka ruhe. Ban gane ba sai da nik kwanta likita."

"To don mi ba ka hwaɗi ma jandarma ba?"

"Ba don kai ba. Don Rauda da ɗanta na."

Sha'ibu ya yunƙura zai tashi. Taufiq ya tare shi da dungun hannun.

"Zamna ka ci. Kuma kar ka sadda kai ƙasa. Dubi hannun da nike ci da shi."

Darasi: Jama'a, "ban sani ba" ba ta taɓa yanke hannun kowa ba. Kunyar faɗinta ta ɗan lokaci ce, amma ɓarnar girman kai, sau da yawa a jikin wanda ya yarda da kai take sauka. In an ba ka aikin da ran mutum ke ciki, ka faɗi iyakar saninka, in kuma ka riga ka yi ƙarya ka gyara tun ba a ɗaga hannu ba. Ku tura ma duk mai sana'ar da kunka sani wannan labari, ko Allah ya sa wani ya tsira.