Jerin Sunayen Zakka na Malam Zulkifilu

Malam Zulkifilu malamin firamare ne a wani gari da ke ƙasar Sandamu, cikin masarautar Daura. Mutum ne mai riƙon amana, ba a taɓa jin ya ci abin wani ba, shi ya sa da aka kafa kwamitin zakka na babban masallacin garin aka ba shi sakatare. Aibinsa guda ne, ba ya son a duba aikinsa. Tun da ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Daura, ya sayi 'yar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, sai abin ya ƙaru. Idan ka ce masa ya sake duba wani abu, sai ya ɗauka raina masa ilimi ka yi, ya yini yana ɗaure maka fuska.

A shekarar da wannan abu ya faru damina ta yi albarka, manoma suka fitar da zakkar gero da dawa masu yawa. Da aka sussuke aka auna, shugaban kwamitin, Liman Kalilu, ya ce hatsin zai ishi gida sittin, kowane gida buhu ɗaya. A shekarun baya kuwa rabo ba ya ƙarewa sai da ƙorafi, wai an sa ɗan'uwan wane, an bar wance. Saboda haka aka yanke shawarar masu unguwanni su zagaya su rubuto sunayen mabuƙata, tare da kimanin abin da kowane gida ke samu a wata. Daga nan sai a jera su daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a ɗauki sittin na farko. Aka kuma ce kada a fito da samun kowa a takardar da za a liƙa, don a rufa wa mutane asiri.

Sunaye ɗari da arba'in da shida aka kawo wa Malam Zulkifilu. Ya buɗe manhajar Eksel, wadda shafinta ke da layuka da gidaje kamar rajistar makaranta, ya zauna a zaure yana shigar da su. Da yake mutum ne mai son aiki ya yi kyau a ido, kowane kuɗi sai ya sa masa harafin N a gaba da waƙafi a tsakiya, kamar yadda ake rubutawa a rasit.

Ana cikin haka yayarsa Saudatu ta zo garin barkar haihuwa. Ita ma'aikaciya ce a sashen ajiye bayanai na wani asibiti a Daura, ta fi shekara goma tana aiki da irin wannan manhaja. Da za ta fita ta leƙa kwamfutar, ta ce masa in ya gama ya bari ta duba kafin ya buga, don akwai abin da ba ta gane ba a layin kuɗin. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce mata ai ba yau ya fara ba, ta je kawai kada ta rasa mota. Saudatu ta san halin ƙanenta tun suna yara, sai ta yi masa sallama ta tafi.

Ran Laraba ya gama. Ya umarci kwamfutar ta jera layin kuɗin daga ƙarami zuwa babba, ta jera cikin ƙiftawar ido. Bai tsaya bin layin ya gani ba. Ya ɓoye layin kuɗin kamar yadda aka ce, ya ƙirga suna sittin daga sama, ya kai aka buga. Ran Alhamis da hantsi takarda ta hau bangon masallaci, aka sanar cewa rabo ranar Asabar ne bayan sallar asuba.

Bayan azahar Liman Kalilu ya kira shi gefe. Ya ce ya karanta takardar sau biyu bai ga sunan Gwaggo Lami ba. Gwaggo Lami tsohuwa ce mai sayar da daddawa, mijinta ya rasu, ɗanta ya rasu, ita ke riƙe da jikoki huɗu. Duk garin an san ba gidan da ya fi nata buƙata.

Malam Zulkifilu ya ji zafin maganar. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai saboda irin wannan aka ce a ba kwamfuta. Ita ba ta da dangi, ba ta san Gwaggo Lami ba, ba ta san kowa ba. Abin da aka rubuto mata shi ta bi."

Liman ya ce to, shi dai bai san kwamfuta ba, amma ya san mutanen garin. Ya ƙara da cewa hakkin talaka ba abin wasa ba ne, kuma su biyun za a fara tambaya gobe ƙiyama. 

Da la'asar sakaliya Malam Zulkifilu na zaune a ƙofar gida sai ga Alhaji Mansur, mai shagon siminti da langa-langa a bakin tasha, ransa a ɓace. Ya ce tun safe abokan kasuwa ke yi masa dariya, wai sunansa ne na huɗu a jerin masu karɓar zakka. Ashe mai unguwarsu ne bai fahimci saƙon ba, ya rubuta duk magidantan unguwar. Da mai unguwar ya zo wurinsa kuwa, Alhaji ya faɗa masa gaskiya, yana samun wajen dubu ɗari da ashirin a wata.

"Ni da na bayar da dami goma sha biyu a zakkar nan," in ji Alhaji Mansur, "ni za a kira gaban jama'a a ba buhu? Malam, ka cire sunana tun kafin Asabar."

 Alhaji na tafiya Malam Zulkifilu ya shiga ɗaki ya buɗe kwamfutar, ya fito da layin kuɗin da ya ɓoye. Sai ya ga jerin ya birkice. Mai dubu ɗari yana sama, mai dubu goma sha biyu na kusa da mai dubu ɗari da ashirin, masu dubu bakwai da takwas da tara kuma duk suna can ƙasa, cakuɗe da masu dubu saba'in da tamanin. Gwaggo Lami, da dubu takwas ɗinta, ita ce ta ɗari da talatin da ɗaya. Ya sake ba da umarnin jerawa, jeri ya fito yadda yake. Ya kashe kwamfutar ya kunna, bai canza ba. Tuwon da aka kawo masa ma kasa ci ya yi.

Washegari Juma'a, ana idar da sallar asuba ya rataya jakar kwamfuta ya hau babur ya nufi Daura. Ya tarar da Saudatu ta shigo ofis kenan. Ya gaishe ta a ladabce fiye da yadda ya saba, ya zayyana mata komai. Ba ta tuna masa da abin da ya faɗa mata a zaure ba. Ta jawo masa kujera kawai ta ce ya buɗe.

Ta nuna masa layin kuɗin da yatsa. Ta ce ya lura duk sun jingina a gefen hagu na gidajensu, kamar yadda sunayen mutane suka jingina, alhali lambar gaskiya gefen dama take komawa. "Da ka sa musu N da hannunka, ka mayar da su rubutu," in ji ta. "Ita kuma ta jera maka su yadda ake jera sunaye a rajista, harafi bayan harafi. Duk abin da ya fara da ɗaya shi ne gaba, ko dubu goma ne ko dubu ɗari. Abin da ya fara da takwas kuwa sai ƙarshe."

Ba ta karɓi kwamfutar ba, shi ta sa ya yi. Da farko ta ce ya ajiye kwafin shafin, ko da za a yi ɓarna. Sannan ya zaɓi layin kuɗin kaɗai, don kada gyaran ya taɓa sunayen mutane, ya buɗe wurin nema da musanyawa, ya ce a nemo kowane N a musanya shi da ba komai. Haka ya yi wa waƙafi, haka ya yi wa tazarar da ya bari a wasu gidajen. Yana gamawa lambobin suka koma dama. Guda biyar ne suka ƙi motsi. Da suka duba, uku ya buga harafin O a madadin sifiri, biyu kuma ya kwafe su da kalmomi yadda mai unguwa ya rubuto. Ya gyara su ɗaya bayan ɗaya yana kallon takardun asali. A ƙarshe ta nuna masa inda zai sa manhajar ta riƙa nuna alamar naira da waƙafi da kanta, lamba kuma tana nan a lambarta.

Ya sake jerawa. Wannan karon sai da ya bi layin da ido tun daga sama har ƙasa, ya kuma roƙi yayarsa ita ma ta bi. Gwaggo Lami ta dawo ta tara a jerin. Gida ashirin da bakwai ne da an hana su hakkinsu. Malam Zulkifilu ya jingina da kujera ya sauke numfashi, yana ta hamdala.

Ya iso gari kafin huɗuba. Bayan an sauko daga Juma'a ya roƙi Liman ya tara 'yan kwamiti da masu unguwanni. A gabansu ya ce laifin nasa ne, ba na kwamfuta ba ne, ba kuma na kowa ba. An yi masa tayin dubawa ya ƙi, Liman ya ja hankalinsa shi kuma ya mayar masa da magana. Ya nemi gafara. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, sannan ya sa aka karanta sabon jerin suna bayan suna, kowane mai unguwa na shaidar mutanensa. Waɗanda aka cire, Malam Zulkifilu da kansa ya bi su gida-gida da yamma yana ba su haƙuri. Wasu sun yi gunaguni, amma da suka ji sunayen waɗanda aka sa, yawancinsu suka ce gaskiya ce.

Ran Asabar aka yi rabo lafiya. Buhun Gwaggo Lami shi ya ɗora a babur ya kai mata. A nan ya ji cewa tun ran Alhamis maƙwabta suka gaya mata ba sunanta, sai ta yi magana da wani dillali ya zo ya kai mata akuyarta guda kasuwar Mai'adua a sayar, don ta sayi hatsi. Tsohuwar ta dafa buhun ta yi ta sa albarka, sannan ta ce a aika wa dillali kada ya zo. Malam Zulkifilu ya fito daga gidan, ya daɗe tsaye kusa da babur kafin ya tayar da shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada ɗan ilimin da mutum ya samu ya hana shi a duba masa aiki, musamman idan hakkin jama'a ne a hannunsa. Na'ura abin da ka ba ta shi take bi, ba ta san ka yi kuskure ba, kuma ba ita za a tambaya ba. Idan ka gama, ka bi aikinka da idonka, ka kuma ba wanda ya fi ka sani ya duba. Idan wanda ya san mutane ya ce maka sakamakon bai yi kama da gaskiya ba, ka saurare shi tun da sauran lokacin gyara.