Wayar da Ba Ta Taɓa Zamewa Ba

Akwai wani malami a wata makarantar sakandare ta koyon sana'a, sunansa Habila. Shi ne yake koya wa 'yan ajin ƙarshe haɗa wayoyin lantarki. Gajeren mutum ne mai sanƙo, ga taushin zuciya, ko kaza aka yanka a gabansa sai ya kau da kai. In zai yi magana yakan ɗaga yatsa ɗaya ya yi gyaran murya, "Ehem. 'Ya'yana, wuta ba gwaggonku ba ce, ba ta san wasa ba." Yana juya baya sai rabin ajin su ɗaga yatsa suna ehem, ehem. Yana jin su sarai, sai dai ya yi murmushi.

Kowane ɗalibi yana da allonsa na katako. A kai yake kafa makunni da soket da ƙwan fitila, ya ja jar waya da baƙa da koriya, ya tura bakin kowace a raminta ya ɗaure da sukuru. In an gama sai a fita hutun tsakar rana. In an dawo, Malam Habila ya bi allo-allo yana kama kowace waya da yatsu biyu yana fizga. Wadda ba ta ɗauru ba takan fito a hannunsa, ajin kuwa ya ɗauka gaba ɗaya, "Ta zameee!" har da buga tebur. Mai allon ya koma ya sake, cike da kunya.

A ajin nan mace ɗaya ce, sunanta Liyatu, 'yar wata gwauruwa mai ɗinki. Samarin ba su bar ta ta sha ruwa ba, musamman wani dogo mai suna Gayus.

"Madam Injiniya, sannu da zuwa. Wa kika bar wa tuwo a kan wuta?"

"Na bar wa wanda ya koya maka surutu," in ji ta. Amma in ta sunkuya a kan allonta, Malam yana ganin yadda maganar take cin ta.

Aikinta kuwa tsaf. Wayoyinta a miƙe kamar ɗinkin uwarta. Abu ɗaya ne: da ta ji sukuru ya taɓa waya sai ta tsaya, tana tsoron kada ta yanke jan ƙarfen da ke ciki.

Ranar farko da aka fita hutu, Malam Habila ya tsaya a gaban allonta shi kaɗai. Ya taɓa jar wayar, ta fito sulul. Ya tsaya da ita a hannu. Ya ji a ransa irin ihun da Gayus zai yi, ya ga yarinyar ta tattara jakarta ta tafi ba dawowa. Ya ce a zuciyarsa, "Yau kaɗai. Bari ƙafarta ta tsaya tukuna, zan faɗa mata." Ya zaro sukuddireba daga aljihu, ya murɗa kowane sukuru har ya kama.

Da aka dawo ya fizga a gaban kowa. Wayar ta tsaya kyam. Liyatu ta yi tsalle ta zagaya tebur.

"Gayus, ina bakin naka? Taka ce ta zame, ɗan tuwo!"

Malam ya ga fuskarta, zuciyarsa ta yi sanyi. Mako ya zagayo, ya sake yi. Wani makon ma haka. Sau da yawa yakan kira ta, "Liyatu, zo." Ta zo da gudu tana washe baki, "Ga ni, Malam." Sai ya fasa faɗa mata, ya ce, "Ehem. Ci gaba da ƙoƙari, 'yata." Har shekara ta yi nisa, aka san cewa a ajin nan wayar Liyatu ce kaɗai ba ta taɓa zamewa ba.

Ana nan aka kawo wuta unguwar su Liyatu. Uwar ta ce ba wani mai aiki da zai taɓa mata shago alhali ta haifi injiniya. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta sha labari, "Kin ga soket ɗin nan? 'Yata ce ta haɗa. Maza cike da aji, ita ce gaba. Malaminsu da bakinsa ya faɗa!"

Kirsimeti ya gabato, shagon ya cika da yadudduka, har da ankon zumuntar mata na ikilisiya. Dutsen guga ba ya hutawa tun daga safe. Wayar da ba ta ɗauru ba takan yi aiki, fitila ta kama, dutse ya yi zafi, amma can a bakin ramin tana ta tartsatsi tana cin roba a hankali. Wata rana da azahar uwar ta leƙa maƙwabta, kafin ta dawo hayaƙi ya turnuƙe. Ta kutsa don ta jawo keken ɗinkinta. Keken bai fito ba, ita kuma aka fito da ita hannuwanta biyu sun ƙone.

Da aka koma makaranta, Liyatu ta sami Malam Habila a ɗakin aiki yana jera filaya. Ta rame, idanunta sun faɗa.

"Malam, mutumin da ya duba shagon ya ce daga soket wutar ta tashi. Ya ce ba a ɗaure ba. Na ce masa ƙarya yake. Malam, ku je ku faɗa masa tawa ba ta zamewa."

Malam bai ɗaga yatsa ba. Ya jawo allo ya ajiye a gabanta, ya miƙa mata waya. Ta fere, ta tura, ta murɗa yadda ta saba, ta tsaya. Ya kama da yatsu biyu, bai ma fizga da ƙarfi ba. Wayar ta fito.

Liyatu ta dubi wayar, ta dube shi. "Ai kullum haka nake yi."

"Kullum haka kike yi," in ji shi.

"To, me ya sa a aji..." Idonta ya sauka kan sukuddireban da ke leƙowa daga aljihun rigarsa. "Lokacin hutu ba kwa fita."

"'Yata, ban so su yi miki dariya ba."

"Dariya?" in ji ta. "Malam, da kun bar Gayus ya yi dariyarsa. Da na yi kuka rana ɗaya na koya. Yanzu ni nake ba Mama abinci a baki."

Ta ajiye wayar a kan tebur a hankali ta fita. Ya bi ta har ƙofa yana kiran sunanta, ba ta waiwaya ba, ba ta kuma sake shiga ajin ba. Malam Habila ya koma ya zauna a kan benci, ya rufe fuska da hula, ya yi kuka.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Allon katako shi ne gida da ajin Lahadi, inda kuskure bai riga ya zama gobara ba. Shagon shi ne duniya, inda ba mai bin bayanka yana ɗaurewa. Wayar kuwa halin mutum ne, ƙaramar ƙarya, ɗan hali na ɗauke-ɗauke, baki marar linzami, abin da daga waje ba a gani don fitila tana kamawa.

Malam Habila ba mugu ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Mu ne shi. Uwa ce da aka kawo ƙarar ɗanta ta ce, "Kai, nawa ba ya haka," alhali ta sani. Malami ne da yake tsoron kada yara su daina son sa. Aboki ne da ya ga kana karkacewa ya ce, "Ba komai, kowa ma yana yi." Muna kiran abin ƙauna, amma sau da yawa kanmu muke tausaya wa, don faɗin gaskiya yana da nauyi a baki. Ba a ce ka tara jama'a ka kunyata mutum ba. Malam yana iya kiranta gefe ya kama hannunta ya nuna mata inda za ta ƙara murɗawa. Allah da kansa yakan fizgi wayarmu, ta bakin iyaye da ta Maganarsa, ba don ya ga faɗuwarmu ba, sai don ta zame a hannunsa tun akwai gyara.

Ku yara, in an tsauta muku kada ku kumbura baki kuna cewa an tsane ku. Ku manya, akwai wani da kuka daɗe kuna cewa, "Zan faɗa masa." Kun san sunansa, wataƙila ma yana zaune kusa da ku a kan bencin nan. Ku kira shi gefe yau in an tashi sujada, tun allon katako ne a gabansa.