Unguwar da Tasi'u Ya Zana

Akwai wani saurayi, Tasi'u, ɗan wani ɗan kasuwa Badamagare da ya daɗe da zama a Tamanrasset. A shekarar 1967 ya gama digirinsa na farko a Alje, babban birnin Aljeriya, aka ɗauke shi karatun gaba a fannin tsara birane. Ya zo hutu gida, amma wallahi hutun bai yi masa rana ba.

Kafin a koma, dole ya buga waya makaranta ya faɗi darussan da zai ɗauka. Sauran duk ya zaɓa, biyu suka tsaya masa a wuya don lokacinsu ɗaya ne. Na farko zanen manyan tituna da dandali, can manyan malamai suke, can ake yin suna. Na biyu kuwa binciken zaman jama'a: a tura ka unguwa wata da watanni, kana zaune a tabarma kana tambayar mutane, maza da mata, yadda suke zaune a gidajensu.

Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya tafi posta, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. A zuba masa shayi ya bar shi ya huce. Abin da ke cin sa shi ne an fara raɗe-raɗin za a tayar da unguwarsu ta Hausawa a ba su sabon fili, shi kuma burinsa a ce shi ya zana ta.

Yayarsa Mairama ta gaji da zirga-zirgarsa. Ta ce, "Kai Tasi'u, ka ishe mu da sintiri! In don unguwarmu kake yi, ɗauki na tambayar mutanen mana."

Ya yi tsaki. "Haba Yaya! Ni da aka haifa a unguwar nan za a koya mini ita? Wane lungu ne ban sani ba?"

"Lungu ka sani," in ji ta. "Tun da ka girma, gidan wa ka taɓa wuce zaure?"

Bai ko amsa ba. Ya figi hularsa sai posta, ya buga waya: zanen tituna. Kun ji fa, taurin kai ya yanke abin da tunani ya kasa.

Ya yi karatu, ya ci da yabo. Da ya dawo, ofishin hukumar gari ya sa shi cikin masu tsara sabuwar unguwar. Ya zana ta tsaf: tituna miƙe sambal, kowane gida tsaye shi kaɗai, hanya ta kewaye shi. Maza suka yi ta sa albarka, mota na shiga har ƙofar gida.

Abin da bai lissafa ba, a tsohuwar unguwa gidaje manne suke, kuma matan da ba su fita titi suna da 'yar ƙofa a katanga tsakaninsu. Ta nan ake miƙa wuta, ta nan ake leƙa mai jego da maras lafiya. Mahaifiyarsa Inna Habsatu da maƙwabciyarta Hajjo tun suna amare suke bi ta irin wannan ƙofa. A sabuwar unguwa titi ya raba su.

Inna ta rame. Tasi'u na ta kai-kawon aiki, bai lura ba.

Wata safiya ya shiga gaishe ta, ya same ta zaune tana hawaye.

"Inna, lafiya?"

"Hajjo ta rasu," ta ce. "Ashe kwana da kwanaki tana kwance."

"Innalillahi! Ba a faɗa miki ba?"

"Wa zai faɗa mini, ɗana? Da can ko tari ta yi ina ji, in leƙa da kunu. Yau sai da na ji takun maza sun ɗauke ta na san ba ta da lafiya."

Tasi'u ya durƙusa gabanta. Nan ya gane titin da ya zana ne ya raba su.

Darasi: Kada sabo da wuri ya sa ka raina tambaya. In za ka zaɓi abin da za ka karanta don amfanin mutane, zaɓi wanda zai sa ka saurare su, ko da ba a yin suna da shi. Ku tura wa ɗalibanmu da ke shirin komawa makaranta, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya ji shawara.