Karen da Tsoho Nomau Ya Ba Sunansa

Dalilin da ya sa ba ku taɓa jin an sa wa kare sunan mutum ba, jikokina, yana da asali mai tsawo. Ku duba karnukan unguwar nan. Akwai Duna, akwai Durwa, akwai Bar-su, ga na gidan mahauta can da ake ce wa Ba-ruwanka. Babu ko ɗaya da za ka kira sunansa wani mutum ya waiwayo. Ku gyara zama in gaya muku yadda aka yi.

A can da, babu wata doka a kan haka. Mutum in ya samu kwikwiyo, sunan da ya zo bakinsa shi yake sa masa, ba mai tambayarsa dalili.

To, a wani ƙauye da ake kira Tungar Marke, an yi wani tsohon maharbi mai suna Nomau, wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Baka, wato shugaban maharba. A ƙuruciyarsa babu dajin da bai ratsa ba, amma yanzu ƙarfi ya tafi, sai da sanda yake zuwa ƙofar gida. Yana zaune tare da ɗansa Barmo, da matar ɗan, Lantana, da 'yar jaririyarsu Yalwa.

Wata rana Barmo ya dawo daga kasuwa da ɗan kwikwiyo a cikin hularsa, baƙi wuluk, ƙafa ɗaya fara. Ya ajiye shi tsakar gida, aka kewaye shi ana dariya.

Barmo ya ce, "Tun da baƙi ne, Duna za a ce masa."

Lantana ta ce, "Duna nawa ke garin nan? Ka kira ɗaya, biyar su zo. Ka dubi ƙafarsa mana, kamar ya taka gari."

Suna ta ja-in-ja, tsoho yana gefe a kan buzunsa. Can ya miƙa hannu ya ɗauki kwikwiyon, ya ɗora a cinya, ya daɗe yana shafa kansa. Sannan ya sunkuya ya yi masa raɗa a kunne, kamar yadda ake yi wa jariri.

Ya ɗago ya ce, "Na raɗa masa. Sunansa Nomau."

Ludayin da ke hannun Lantana ya faɗi cikin tukunya. Ta ja gyale ta rufe fuska. Barmo ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Da ƙyar ya ce, "Baba, me ka ce?"

"Kunnenka ƙalau. Ka ji ni."

"Haba Baba! Sunanka? A kan kare?"

Kun san dai al'adarmu. Ɗa ba ya kama sunan ubansa. Suruka kuwa, ko a mafarki ba ta furta sunan uban mijinta. In ta gamu da wani mai irin sunan a hanya, sai dai ta ce masa mai sunan Baba.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Mai Unguwa da kansa ya zo, ya zauna kusa da tsoho, ya rage murya ya ce, "Sarkin Baka, ko dai tsufa ne ya fara taɓa ka? Mutane sai salati suke yi."

Tsoho ya ce, "Ka ga, kai ma Sarkin Baka ka ce. Ɗana ya ce Baba. Matarsa ta ce Baba. Yaran gari su ce Tsoho. Wa ya rage da zai kira ni da sunan da uwata ta ba ni? Yayata ta rasu. Abokina Gajere, wanda muka yi kaciya tare, shi ne na ƙarshe, yau shekara uku ke nan da muka binne shi. Tun ranar ban ƙara jin sunan nan a bakin kowa ba. Rannan ina zaune, sai da na yi tunani kafin na tuna da shi. Ina so in riƙa jinsa a gidana kafin in mutu, ko da daga bakina ne."

Mai Unguwa ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi yana girgiza kai.

Haka kwikwiyo ya tashi da sunan tsoho. Tun da safe za ka ji, "Nomau, zo nan! Nomau, kwanta!" Masu wucewa su toshe kunne su ƙara sauri. Shi kuwa tsoho har ƙiba ya yi.

Ya kuma hore shi irin horon karen maharbi. Karen maharbi ba ya tashi don ya ji hayaniya, domin in ya tashi kafin lokaci ya kori nama. Sai tsoho ya sa shi ya kwanta, ya buga ƙwarya, ya yi ihu, ya jefa ƙashi a gabansa. In ya motsa, ya sha tsawa. In ya jira har aka kira sunansa, ya sha nama. Kafin shekara ta zagayo, ko gobara ake yi, karen nan ba ya ɗaga kai sai ya ji sunansa.

Wahalar duk a kan Lantana ta ƙare. Ta ce, "Mai sunan Baba, ga tuwo," kare ko kallo. Ran da ya sace mata busasshen kifi, ta ɗauki muciya, ta tuna sunan wanda za ta doka, ta ajiye. Ta tsaya tana kallonsa yana taunawa, ta ce, "A ci lafiya."

Ana nan, ana nan, har damina ta yi nisa. Wata rana da hantsi maza duk suna gona. Dattawa kaɗai suka rage, suna zaune a gindin marke a ƙofar gidan tsoho, har da Mai Unguwa, kare yana kwance a ƙafar ubangidansa. A cikin gida, Lantana ta shimfiɗa wa Yalwa tabarma kusa da turmi, ta ba ta faifai tana wasa, don lokacin ta fara rarrafe. Ita kuma ta jingina tsani ta hau rumbu ɗebo gero.

Rumbun ƙasa ne, dogo, bakinsa a sama. Hatsi ya yi ƙasa sosai, sai da ta shiga ciki gaba ɗaya. Tana ciki ta ji ƙarar faɗuwar abu. Akuya ce ta goga jiki ta ture tsanin. Ta taka damin gero ta leƙo da kai don ta kore ta.

Sai ta hango wani abu yana motsi a tsakar gida.

Gamsheƙa ce, baƙa, mai kaurin taɓarya, ta fito daga gindin danga tana jan jiki a kan rairayi. Ba ta nufi ko'ina ba sai tabarmar nan. Yalwa kuwa ta hango ta, tana tafi da hannu tana dariya.

Lantana ta ƙwala ihu, "Jama'a! Maciji! Ku taimake ni!"

Dattawa suka ji. Wannan yana laluben sanda, wancan yana neman takalmi, wani yana cewa, "A ina? A wane gida?" Daga saman rumbu tana hango su ta kan danga. Ta san kafin mafi ƙarfinsu ya ratsa zaure, an gama. Mai gudu ɗaya ne a wurin, yana kwance ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa.

Ta ce, "Mai sunan Baba! Mai sunan Baba, taho!"

Kare bai motsa ba. Maciji ya wuce murhu.

"Kai, baƙin kare! Mai farar ƙafa! Don Allah!"

Ko kunne bai kaɗa ba. Maciji ya wuce randa. Yalwa ta saki faifai, ta dafa ƙasa, ta fara rarrafowa wajensa. Gamsheƙa ta tsaya, ta ɗaga kai, ta fasa shi kamar tafin hannu.

Sunan yana bakin Lantana, amma ya ƙi fita. Tun tana yarinya uwarta ta koya mata cewa macen kirki ba ta yin wannan. Ta dubi dattawa, ta dubi 'yarta. Sai ta rufe ido, ta buɗe murya iyakar ƙarfinta.

"NOMAU! Nomau, kama!"

Jikokina, ai duk Tungar Marke sai da ta yi tsit. Matan maƙwabta da ke daka suka tsaya da taɓare a sama. Goron da ke bakin Mai Unguwa ya faɗo kan rigarsa. Wani dattijo da ya riga ya miƙe ya koma ya zauna daɓas.

Biyu ne kawai suka motsa. Kare ya tashi kamar kibiya, bai bi ta zaure ba, ya tsallake danga. Tsoho kuma, da ya ji an ƙwala sunansa da muryar mace mai tsoro, irin yadda uwarsa ta taɓa ƙwala masa ran da ya leƙa rijiya yana yaro, bai san lokacin da ya ce, "Na'am, Inna!" ba. Ya yar da sanda ya ruga cikin gida da ƙafafunsa.

Ko da ya isa, kare ya riga ya cafki gamsheƙa ta bayan wuya, yana girgiza ta yana bugawa da ƙasa, har ta daina motsi. Tsoho ya suri Yalwa ya duba ta ciki da baya. Ko ƙwarzane babu.

Sannan dattawa suka shigo, mata suka cika gida. Amma babu mai kallon macijin. Kowa bakin rumbu yake kallo, ana raɗe-raɗe. "Da bakinta?" "Har sau biyu!" "A gaban Mai Unguwa!"

Lantana ta sulale ta koma cikin rumbu. Aka tayar da tsani, ta ƙi fitowa. Aka aika gona aka kira Barmo. Da ya ji abin da ya faru, ya rungume 'yarsa, sannan ya dafa rumbu ya ce, "Ke, fito mana."

Muryarta ta fito daga ciki. "Ku kawo laka ku liƙe bakin. Da wane ido zan ƙara kallon Baba?"

Tsoho ya sunkuya yana bin sawun macijin a kan rairayi, irin yadda ya saba bin sawu a daji. Ya je gindin danga, ya dawo a hankali. Sannan ya matsa jikin rumbu.

"'Yata, yana ina lokacin da kika fara kiran karen?"

"Bai kai murhu ba, Baba."

"Me kika ce?"

"Na ce mai sunan Baba."

"Da kika kira na ƙarshen fa?"

Ba ta buƙatar faɗa. Sawun ya nuna inda macijin ya tsaya ya fasa kai, ga kuma sawun gwiwoyin Yalwa. Tsoho ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a tsakani. Hannun ya rufe wurin duka.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Jama'a, ku zo ku gani. Daga murhu zuwa nan, duk tafiyar da macijin nan ya yi, ni na ba shi hanya. Yarinyar nan tana can sama tana kokawa da kunyata, shi yana matsowa. Don in ji daɗin kunnena na ɗaure bakin mutanen gidana." Ya juya wajen rumbu, ya cire hularsa. "Lantana, ki yafe mini."

Nan ma aka sake salati, don ba a taɓa ganin suruki ya cire hula yana roƙon matar ɗansa ba. Shi da kansa ya riƙe tsanin har ta sauko, fuska a rufe.

Mai Unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Kowa ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Daga yau, kada wanda ya ƙara sa wa kare sunan mutum. Kare na ranar tsoro ne. A ba shi sunan da suruka za ta iya ƙwalawa a tsakiyar kasuwa ba ta rufe fuska ba."

Tsoho ya ce, "Na karɓi sunana. Ita ta kira shi ya zo, ita za ta raɗa masa sabo."

Daga ƙarƙashin gyale Lantana ta ce, "A ce masa Zo-maza."

Wata guda tsoho ya yi yana koya masa sabon sunan, ya kuma sa kowa a gidan ya riƙa kira, har ya saba da muryar kowa. Gida ya koma yadda yake a da. Tsoho ya koma Baba, ya koma Sarkin Baka, ya koma zama shiru a kan buzunsa.

Sai wata safiya bayan kaka, Yalwa, wadda ta fara koyon magana, ta taho tana tangaɗi ta kama gemunsa ta ja. Sunan da ta sha ji tun tana goye ya faɗo daga bakinta.

"Nomau!"

Lantana ta zaburo za ta rufe mata baki. Tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Bar ta. Jika ce, tsakanina da ita babu wannan." Ya dubi yarinyar, ya ce, "Na'am. Ƙara faɗa."

Ta ƙara. Ya ƙara amsawa.

Shi ya sa har yau, in an kawo kwikwiyo gida, sai a dubi launinsa, ko halinsa, ko a zaɓi wata 'yar magana a sa masa, amma sunan mutum yana wurin mutum. Ku kuma, in kun samu naku, kafin ku raɗa masa, ku tambayi kowa a gidan ko zai iya ƙwala sunan da ƙarfi. In akwai mutum ɗaya da ya sunkuyar da kai, ku nemi wani.