Ba a Rubuta Miji Ba

Sakataren masana'antarmu ba mugu ba ne, ƙyuya ce ta yi masa katutu. Duk shekara sai ya jawo tsohuwar takardar dokokin ma'aikata, ya canza kwanan wata, ya kai a sa hannu. An rubuta ta tun lokacin da babu mace ko ɗaya a wurin, yanzu kuwa mata sun kai rabi.

Ina sabuwar zuwa aka ba ni in buga ta. Na ga sashen jinya ya ce asibitin da muke hulɗa da shi zai karɓi "ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa". Na kai masa shawarar a mayar da shi "ma'aikata maza da mata da iyalansu". Ya leƙo ta saman tabarau, ya ce, "'Yar boko, an fara gyara mana Hausa ke nan? Kowa ya san abin da ake nufi."

Bayan wata huɗu, mota ta take ƙafar mijin Anti, shugabar sashen ɗinki. Likita ya ce a shiga tiyata cikin kwana biyu, in ba haka ba sai yankewa. Amma mai karɓar marasa lafiya ya buɗe takardarmu, ya ce bai ga miji a ciki ba, kuma ba zai ƙara abin da ba a rubuta ba.

Anti ta dawo ofis da jini a mayafinta, ta durƙusa gaban teburin sakatare. "Baba, shekara goma sha ɗaya ina muku aiki. Ka gaya musu ni ma ma'aikaciya ce."

Ya buga wa asibitin waya, suka ce a kawo a rubuce. Gyaran kuwa sai 'yan kwamiti biyar sun sa hannu. Ɗaya ya yi tafiya, ɗaya wayarsa a kashe. Dattijon sakataren nan da ko tashi daga kujera ke masa wuya, shi ne ya yi ta bin gida-gida yana roƙo, gumi har cikin takalmi. A rana ta uku ya samu hannu na biyar. Da ya isa asibiti yana haki, Anti ba ta ko kalli takardar ba, ta ɗaga masa bargon da aka rufa wa mijinta, ya ga an riga an yanke ƙafar.

Darasi: takardar hukuma ba ta tafiya da mai ita don ya yi bayani, baƙo ne zai karanta ta ranar da ake cikin tsanani. In za ka rubuta doka, ka dubi mutanen da za ta shafa, ka zaɓi kalmomin da za su ɗauke su duka, kuma kada ka raina gyara don ƙarami ne ya kawo shi.