Giyar da Ta Kai Ruwa Tsaunin Gwanki

Ku matso inuwa, ku da kuke jiran mota ta cika. Labari zan ba ku, shari'ar kuma taku ce.

Akwai wani ƙauye a kan dutse, ana ce masa Tsaunin Gwanki. Ƙasar noma gare su mai albarka, amma ruwan sha sai an sauko kwari. Mace takan tsufa a garin da kanta a sanƙe saboda gammo da tulu. Da ƙungiyar gari ta samo mai haƙa rijiyar burtsatse, sai aka ga babbar motarsa ba za ta iya hanyar ba, don siririya ce, ga kwana, ga rami a gefe. Ya ce yana da ƙaramin injin haƙa mai tayoyi, in akwai motar da za ta ja shi. Mota ɗaya ce a garin, a-kori-kurar Haladu mai shan gas, wadda yake sauko da citta da doya kasuwa.

Aka ɗaura injin. Sun ci rabin hawa sai giya ta fara kuka, kuloci ya ɗau wari kamar an ƙona gashi, mota ta soma ja da baya. Ba don mutanen da ke biye sun yi maza sun cusa duwatsu bayan tayoyi ba, da Haladu da injin duk sun tafi rami. Aka lallaɓa aka sauko. Mai injin ya ce in ruwan sama ya sauka hanya ta zama laka, shi zai wuce wani aikin. Ga shi kuwa hadari ya fara leƙowa daga gabas.

A nan mutum uku suka shigo, dukansu 'yan garin da ke gindin dutsen, ba mai shan ruwan Tsaunin Gwanki a cikinsu.

Na farko Malam Sallau ne, tsohon direban da ya ajiye tuƙi saboda ido. Da ya ji Haladu zai tafi birni sayen sabuwar giya irin ta motarsa, sai ya ɗau sandarsa ya bi shi, duk da ciwon gwiwa. A kasuwar kayan gyara aka fito musu da sabuwa fil, aka kuma fito da wata da aka ce tana sa mota gudu. Haladu har ya miƙa hannu ga mai gudun. Malam Sallau ya tsuguna ya yi ta juya ƙarfen kowace da tafinsa, sannan ya ce, "Ɗana, ba gudu kake nema ba, ja kake nema. Ta farkon irin wadda ta gaza ce, sai dai fenti. Ta babbar yayar motarka za ka sa, mai giya ɗaya mai nauyi, ka haɗa ta da farantin kuloci mai faɗi. In ka canza giya ka bar tsohon kuloci, ka sa sabon guga ne a ruɓaɓɓiyar igiya." Suka sami kulocin. Giyar kuwa suka zaga kasuwar kaf, babu ita.

Na biyu Zailani ne, direba, abokin hamayyar Haladu a tasha. Sun sha cacar baki a kan lodi, gaisuwarsu ma daga nesa ce. Irin giyar da ake nema ita ce a cikin motarsa, kuma lokacin kwasar citta ne, lokacin da direba ke samun abin da zai ci har shekara ta zagayo. Ba wanda ya roƙe shi, don ba wanda ya ga fuskar roƙon. Da labari ya kai masa, sai ya tuƙo motarsa har gareji, ya kashe, ya ce a cire. Haladu ya fara yi masa godiya. Zailani ya ce, "Ba don kai ba ne. Ina ganin matanku a kwari da tsakar rana." Motarsa ta zauna a kan duwatsu, yana kallo masu ba shi kaya suna komawa wajen wasu.

Na uku Tanimu ne, bakanike. Da aka ɗaga giyar za a sa, sai ta ƙi zama. Ramukan kusoshi ba su hau ba, furofela, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin giya ga tayoyin baya, ta yi tsawo. Sauran kanikawa suka ce ba ta ɗauruwa. Tanimu ya sallami ayyukan da ke gabansa, ya yanke furofelar ya sake haɗa ta da walda, ya ƙera sababbin maɗaurai, ya ɗaura ya sauke, ya ɗaura ya sauke, har motar ta daina karkarwa. Tartsatsi ya ƙone masa damtse bai tsaya ba. Ranar hawa kuma, da aka sake ɗaura injin haƙan, ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da Haladu. Ya ce, "In waldata ta karye, ba kai kaɗai za ka tafi ba."

Haladu ya yi bisimilla ya sa giya ɗaya. Motar ta yi gurnani ta kama hanya a hankali, kamar sa yana jan garma. Ta wuce inda ta tsaya a da, ta sha kwanar ramin, ba ta ko yi tari ba, har ta dire a ƙofar mai gari. An gama haƙa ke nan ruwan farko na damina ya sauka, hanya ta rufe.

Ranar da ruwa ya ɓullo, Iya Kulu, mahaifiyar Haladu, ta tara hannu biyu ta sha, ta wanke fuska, ta zauna a ƙasa tana hawaye tana sa wa mutanen nan uku albarka da sunayensu. Mai gari ya ce Haladu ɗan gida ne, ladarsa na cikin randar uwarsa. Amma rijiyar za a sa mata sunan ɗaya daga cikin baƙin, don jikoki su riƙa ambatonsa duk sanda suka zo ɗiba, kuma rijiya ba ta amsa suna uku.

Aka aika musu. Malam Sallau ya ce shi baki kawai ya sa, a ba Zailani. Zailani ya ce ƙarfensa da yana nan yashe a ƙasa ba don Tanimu ba. Tanimu ya ce da an kawo masa giyar da Haladu ya so saye, da ya ɗaura ta lafiya lau, su kuma su sake komawa da baya a rabin hawa.

Ɗaya ya ba da sani, ɗaya ya ba da abincinsa, ɗaya ya ba da hannunsa har ya ɗora ransa a kai. To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata a sa wa rijiyar nan?