Azurfar Rasha da Falmata Ta Goge da Toka

Akwai wani dattijo a Mallawa, Malam Hambali, likitan dabbobi da ya yi karatu a Rasha tun yana saurayi. Da ya dawo, ya zo da gwangwani cike da tsofaffin kuɗin azurfa na can, ƙanana sirara kamar 'ya'yan kabewa. Gefe ɗaya mahayin doki ne riƙe da mashi, ɗaya gefen sunan sarkin da aka buga su a zamaninsa. Sun haura shekara ɗari uku.

Mutanen gari dariya suke masa. "Likita, waɗannan ko goro ba su saye!" Shi kuwa ko a jikinsa.

Ana gobe Sallah, sabuwar surukarsa Falmata tana share ɗakinsa, ta ga azurfa ta yi baƙi ƙirin. Tausayi ya kama ta. Ta ɗauko toka da lemun tsami, ta dirje su yadda uwarta ke dirje awarwaro. Sun yi fes, amma rubutun wasu da dama ya tafi.

Malam Hambali ya shigo ya gani. Ɗansa Yero, mijin Falmata, ya fusata: "Baba, yau za ta koma gidansu!"

Falmata ta durƙusa tana kuka, ta kasa ɗaga kai.

Amma dattijon ya ce, "Ba inda za ta. Shekara da shekaru, ban taɓa ganin wanda ya damu da su ba sai ita. 'Yata, share hawayenki, matso ki ga abin da kika goge."

Ya miƙa mata madubinsa mai ƙara girman rubutu. Daga ranar ya fara koya mata haruffan Rasha, da yadda ake gane sarki ko da rabin sunansa ne ya fito.

Yanzu idon Malam Hambali ya dushe. Kwanan baya wani malamin jami'a ya zo takanas daga Damagaram don ya ga tarin. Falmata ta ɗauki guda, ta juya ta, ta ce, "Wannan ta zamanin Sarki Mikha'il ce."

Baƙon ya riƙe baki. Dattijon ya gyara zama, murna ta cika shi, ya ce, "Tambaye ta duk abin da kake so. Ita ce idona."

Darasi: Kafin ka hukunta wanda ya yi maka ɓarna, dubi niyyarsa. Haƙurin da ka yi yau, shi zai riƙe ka gobe. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.